Wutar Lantarki A Tsohon Gida: Baƙuwar Da Ba Ta Son Raini

 Ya kai ɗalibi mai karatu, ina so ka karanta wannan bayani a tsanake, sa'an nan ka karanta wa Baba da Umma shi da daddare, domin yawancin abin da ke ciki aikinsu ne, amma idon da zai fara gani naka ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a hunturun da ya wuce wani ɗalibina ɗan aji huɗu ya zo makaranta da safe babu jaka babu littafi, rigarsa tana warin hayaƙi. Na ja shi gefe na tambaye shi. Ashe yayarsa ce ta sa hita a bokiti bayan magariba, ruwa bai gama zafi ba aka ɗauke wuta. Sai ta ciro hitar ta ajiye a kan tabarma, ta ɗauki ruwanta ta tafi, ba ta zare ta daga soket ba. Can wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo wuta. Hita ta yi ja, tabarma ta kama, labule ya karɓa. Maƙwabci ne ya hango hayaƙi ya yi ta dukan ƙofa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ɗaki guda ya tafi, da kayan ɗakin mahaifiyarsa da littattafansa duka.

Da aka kira mai gyaran wuta ya buɗe silin ɗin sauran ɗakunan, sai ya ce wa maigidan: "Alhaji, ko ba hita, gobarar nan tana hanya." Wayoyin sun bushe, robarsu tana marmashewa a hannu, an haɗa wasu da leda, fis kuwa an ɗaure shi da waya mai kauri tun shekarun baya. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidaje nawa ne a unguwarmu suke haka?

Me ya sa tsohon gida ya fi haɗari?

Ka sani cewa an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972. Sunan ya koma PHCN a 2005, kana a 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni, duk da cewa har gobe bakinmu bai daina cewa NEPA ba. Da yawa daga gidajen cikin gari an ja musu wuta ne a waɗancan shekaru na 1970 da 1980. Tambayi Kaka, me ake kunnawa a lokacin? Ƙwan fitila uku ko huɗu, fanka ɗaya, rediyo, sai mai hali ya ƙara talabijin. Daidai wannan kaya aka auna waya.

Yau fa? Ga firji, ga dutsen guga, ga hita, ga rishon lantarki, ga injin jan ruwa, ga caja goma. An ƙara ɗakuna, an yi wa yayanka aure an yanka masa sashe, an buɗe shago a zaure, kowa kuma daga wannan tsohuwar wayar ya jona. Jaki ɗaya ne, amma an ɗora masa kayan raƙumi. Bugu da ƙari, waya tana tsufa. Zafin kwanon rufi yana busar da robar da ta lulluɓe ta, ɓera yana gwaguya, damina tana jiƙa bango, sukurorin da suka riƙe ta suna kwancewa.

Yadda abin yake aiki

Wutar da ake kawowa gidajenmu a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. A soket mai kyau wayoyi uku ne suke zuwa. Ta farko ita ce mai wuta, a tsohon aiki ja ce, a sabon tsari ruwan ƙasa. Ta biyu ita ce wadda wutar take bi ta koma, baƙa ce ko shuɗiya. Ta uku kuwa koriya ce, ko koriya mai ratsin rawaya, ita ake kira wayar ƙasa, domin ƙarshenta yana haɗe da wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Wannan ta ukun ba ta kunna komai, shi ya sa mai aikin ha'inci yake barinta don ya rage kuɗi. Alhali ita ce mai tsaron rai. Idan waya mai wuta ta saɓule a cikin firji ta taɓa jikin ƙarfensa, wayar ƙasa ce za ta kwashe wutar, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi. In babu ita, firjin zai zauna da wuta a jikinsa yana jiran wanda zai taɓa. Ƙanwarka ta fito daga wanka babu takalmi ta kama murfin, ita ce ta zama hanyar da wutar za ta bi zuwa ƙasa.

Yawan wutar da ke gudu a waya kuma da amfiya ake auna shi. Abin mamaki, ba ya ɗaukar da yawa kafin ya yi kisa. In ka raba amfiya ɗaya gida 1,000, kashi 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame hannun mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kashi 50 zuwa 100 kuwa in sun ratsa ƙirji suna iya rikita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen jiki ya fi busasshe saurin shigar wuta nesa ba kusa ba. Ka ga dalilin da ya sa banɗaki da madafa da tsakar gida lokacin damina suka fi ko'ina haɗari.

Ga ɗan lissafi

Ɗauko dutsen gugarku ka duba jikinsa, za ka ga lamba da harafin W a gabanta. Wannan shi ne wat, watau yawan cin wutarsa. In ka raba wat da 230, amsar ita ce amfiya. Soket irin namu mai rami uku, iyakarsa amfiya 13, watau kusan wat 3,000.

To mu ce an jona dutsen guga mai wat 1,200, da hita mai wat 1,500, da risho mai wat 1,000, duk a ekstenshin ɗaya. Jimla wat 3,700 ke nan. Raba da 230, ka sami amfiya 16. An zarce iyaka. Kuma ekstenshin na araha, mai waya siririya kamar tsinken tsintsiya, ko 13 ɗin ba ya iya ɗauka. Wani abin lura kuma: in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin da wayar take yi ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Daga nan roba take narkewa, waya ta taɓa 'yar'uwarta, tartsatsi ya tashi.

Alamomin da gida yake bayarwa

Gida ba ya kamawa da wuta sai ya yi gargaɗi, sai dai in ba a saurara ba. Ga abin da za ka lura da shi:

Na ɗaya, soket ko makunni ya yi baƙi, ko ya narke, ko ka taɓa ka ji zafi.

Na biyu, warin ƙonewar roba, wani lokaci kamar ƙarnin kifi, alhali ba a girka komai.

Na uku, ƙarar "zzz" ko tartsatsi in an kunna abu.

Na huɗu, fitila tana rage haske duk lokacin da firji ya tashi ko aka jona dutsen guga.

Na biyar, firji, ko famfo, ko ƙofar ƙarfe, ko jiƙaƙƙen bango yana ɗan jan mutum. Kada ka ji ana cewa "ai ɗan kaɗan ne, haka yake yi." Yau kaɗan ne domin ƙafarka a bushe take.

Na shida, fis yana yawan ƙonewa, ko bireka tana yawan faɗuwa.

Na bakwai, fitilun wani ɗaki su yi haske fiye da ƙima, na wani kuma su dushe. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa wayar komawa ta tsinke ko ta saki a babban layi, ƙarfin wuta yana iya hawa har kusan bolt 400. Ran nan ne ake cewa "wuta ta zo da ƙarfi." A kashe babban makunni nan take, a sanar da ma'aikatan wuta.

Duk wadda ka gani cikin waɗannan, kada ka taɓa, kada ka gwada gyarawa. Faɗa wa babba.

Ɗabi'un da ya wajaba mu bari

Babba daga ciki ita ce ɗaure fis da waya mai kauri, ko ƙusa, ko takardar kwalin taba. Ka gane, fis an yi shi ne don ya ƙone. Siririyar waya ce da aka auna, in lodi ya yi yawa ta narke ta yanke wuta kafin wayar cikin bango ta yi zafi. Wanda ya sa mai kauri don "kada ta riƙa damunmu," ya kori maigadi ne don yana yawan ihun ɓarawo.

Sai cusa waya tsirara a soket a danne da tsinken ashana. Fulogi nawa yake? Sai haɗa waya da waya a naɗe da leda ko tsumma. Sai bi da waya ƙarƙashin darduma ko katifa, inda ake taka ta kuma zafinta ba ya fita. Sai shanya tufafi a kan wayar wuta da ta ratsa tsakar gida. Sai barin waya a caji a kan katifa a yi barci. Sai zare fis a canza layi da hannu in wuta ta ɗauke a layi ɗaya, wani ma da daddare, wani cikin ruwan sama. Sai zagaye mita ko jona wuta daga falwaya a ɓoye. Wannan laifi ne a doka, cin haƙƙi ne, kuma wayar da aka ja ta haka yawanci babu fis ko bireka a gabanta, in ta kama ba abin da zai tsayar da ita.

Ga kuma doka ɗaya da nake so kowane gida ya kafa daga yau: da zarar an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga da risho daga soket. Kada a ce "zan tuna." A ba yaro ɗaya wannan aiki kowane dare kafin a kwanta. Da an yi haka a gidan ɗalibina, da littattafansa suna nan.

Gyara: da me za a fara?

Yanzu magana ta zo gare ka, maigida. Na san halin da ake ciki, ba kowa ne zai iya sake wayarin gida gaba ɗaya a wata guda ba. Amma sannu ba ta hana zuwa. A bi shi daki-daki, a fara da abin da ya fi tsare rai.

Mataki na farko, a kira ƙwararren mai aikin wuta ya duba gidan duka da na'urar gwaji, ya hau silin, ya buɗe soket. Ba yaron maƙwabta mai testa a aljihu ba, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai hukumar NEMSA, wadda aka yi dokar kafa ta a 2015, tana ba masu wannan sana'a takardar shaida. Ba laifi ba ne ka ce ya nuna maka tasa. Shawarar masana ita ce a duba wayarin gidan zama aƙalla sau ɗaya a shekara 10, tsohon gida kuwa ba sai an jira haka ba.

Mataki na biyu, a cire tsohon allon fis, musamman na katako, a sa akwatin bireka. Bireka aikin fis take yi, sai dai ita in ta faɗi ɗagawa ake yi bayan an gano dalili, babu mai ɗaure ta da ƙusa. A raba gidan layi-layi: fitilu daban, soket daban, manyan kaya kowanne da nasa. A rubuta sunan kowane layi a jikin akwatin, kuma kowa a gidan, har mata da yara masu wayo, ya san inda babban makunni yake. Kada a jibge buhuna a gabansa.

Mataki na uku, a sa na'urar da ake kira RCD, mai lamba 30mA. Bireka waya take karewa, ba mutum ba, domin mai amfiya 20 ba za ta ko motsa ba saboda 'yar wutar da ta isa kashe mutum. Ita kuwa RCD tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga an sami giɓi, watau wuta ta bi wata hanya, ko ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a riƙa dannawa duk bayan wata uku zuwa shida, a tabbata tana faɗuwa. In an sa ta tana yawan faɗuwa, kada a cire ta. Gaskiya take faɗa, akwai inda wuta take yoyo.

Mataki na huɗu, wayar ƙasa. A kafa ƙarfenta, mai rufin jan ƙarfe, ya nutse sosai a wuri mai danshi, domin busasshiyar ƙasa irin tamu ta rani ba ta karɓar wuta da kyau. A auna shi da na'ura, kuma a tabbata koriyar waya ta isa kowane soket.

Mataki na biyar, sake wayoyin da suka mutu, ɗaki bayan ɗaki. A aikin gida an saba sa waya mai lamba 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya kamar rishon girki da tankin ruwan zafi. A zura su cikin bututun roba, kada a buga su tsirara a jikin azara ko kwano. Duk mahaɗa ta kasance cikin akwatinta, an ɗaure da sukuru. A tabbata makunni waya mai wuta yake yankewa, domin in aka juya, za ka kashe fitila amma wuta tana nan a mazaunin ƙwan. Wajen saye kuma a yi hattara: akwai waya ta jabu, cikinta sanholo ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka bar ta. A nemi mai tambarin hukumar SON. Araha ba ta ado.

Mataki na shida, a ƙara yawan soket a bango don a huta da ekstenshin, a sa masu murfin ciki waɗanda yaro ba zai iya tura ƙusa ba, a ɗaga su daga ƙasa inda ruwa yake kwanciya. A musanya tsofaffin ƙwai masu zafi da na LED: mai wat 9 yana ba da hasken da mai wat 60 yake bayarwa, lodi ya ragu, kuɗin mita ya ragu.

In gidan haya ne, a sami mai gidan a yi masa bayani cikin mutunci. Gidan nasa ne, rayukan kuwa naku ne, kowa yana da abin da zai yi asara.

Janareta da sola

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum yana barci za ta ɗauke shi, gida guda yana iya ƙarewa a dare ɗaya. Kada a kunna shi a ɗaki, ko a zaure, ko a lungun da ba iska, ko da ana tsoron ɓarayi ko ruwan sama. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa kamar ƙafa 20. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Kada kuma a jona shi da gida ta hanyar soket. A sa makunnin canji, wanda yake raba wutar janareta da ta gari. In babu shi, wutarka tana iya komawa layi ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta.

Sola ma wuta ce, kada ka raina ta. Batir ɗinta in aka haɗa bakinsa biyu da ƙarfe yana narkar da sifana. A ajiye batir inda iska take shiga, ba ɗakin kwana ba, a sa masa fis nasa da waya mai kauri daidai da shi.

In tsautsayi ya auku

In ka ga wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu, kai ma za ta haɗa da kai. Ruga ka kashe babban makunni. In ya yi nisa, tsaya a busasshen wuri, ka ture wayar da busasshen itace, kamar muciya ko taɓarya wadda ba ta jiƙe ba. Amma in babbar wayar falwaya ce ta faɗo, ko sanda kada ka kai, ka nisanta, ka hana mutane matsowa, a kira ma'aikata.

Bayan an raba shi da wutar, in ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, babba ya riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota ko ya kira lamba 112. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, ban da man goge baki, ban da ƙwai. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin wuta tana ƙona ciki inda ido ba ya gani.

In gobara ce ta tashi daga waya, a kashe wuta tukuna. Kada a watsa ruwa matuƙar akwai lantarki a wurin. A yi amfani da yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. In ta fi ƙarfinku, a fitar da yara da tsofaffi, a bar kaya, a kira 'yan kwana-kwana. Kaya ana mayarwa.

Aikin gida

Ga aikinka na wannan mako, ya kai ɗalibi. Ka roƙi Baba ya zagaya gida tare da kai da rana, hannunka a baya, ido da hanci kawai za ka yi aiki da su. Ku ƙirga soket nawa ne suka yi baƙi ko suka fashe. Ku duba wayoyi nawa aka naɗe da leda. Ku ga abubuwa nawa aka jona a ekstenshin ɗaya, ka yi lissafin wat ɗinsu kamar yadda na koya maka. Ka tambaya ina babban makunni yake, kuma ko gidanku yana da wayar ƙasa. Rubuta abin da kuka gani a takarda, ka ba Baba ya nuna wa mai gyara, kwafi ɗaya kuma ka kawo mini ranar Asabar.

Ɗalibin nan nawa, 'yan ajinsu sun haɗa masa littattafai, ya ci gaba da karatu. Mahaifinsa ya sa bireka da RCD, ana sake wayoyin ɗaki ɗaya-ɗaya. Shi ne yanzu mai zare hita a gidansu kowane dare. Allah ya tsare mu da gobara, ya kiyaye mana rayukanmu da dukiyoyinmu, amin.